Goron da Ba a Kai wa Kimera Ba

A Tungar Maje, can bakin kogin Kwara, an yi wata ungozoma ana ce mata Iya Ramma, wadda kifi ya yi wa sallama ranar wata Talata da hantsi. Tana durƙushe a bakin ruwa tana wanke tsumman jego sai ta ji an ce, "Salamu alaikum, mai yankan cibi." Ta amsa tun kafin ta ɗago kai, don ta saba a kira ta a ko'ina. Da ta ɗago sai ta ga wata kifanya wadda ko Sarkin Ruwa bai taɓa kama irinta ba. Fuskarta ta zomo ce, tana da fukafukai, ga doguwar wutsiya siririya irin ta ɓera, fatar jikinta kuwa a ɗinke-ɗinke, sai ka ce tela ne ya harhaɗa ta da ragowar ƙyalle. Idanunta manya ne, farare fat, hasken rana yana ta sa su hawaye.

Kifanya ta ce, "Daga ƙarƙashin teku na zo, inda rana ba ta taɓa leƙawa ba. Ƙwaina biyu sun isa ƙyanƙyasa, 'ya'yan sun ƙi fitowa. An ce mini duk faɗin ruwa da tudu babu wadda ta san sha'anin haihuwa da suna kamarki."

Iya Ramma ta ce, "An gaya miki gaskiya, amma kin zo a makon da ba na zuwa ko'ina. Ko matar sarkin aljannu ce ke naƙuda, ta jira Lahadi."

Tana da dalilinta. Shekara arba'in tana yanke cibi a garin nan. Duk wanda ka gani yana shafa gemu yana taƙama, ita ta fara wanke shi. Ita Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma cikin 'ya'ya mata sama da ɗari uku da ta karɓa, ba a taɓa samun uba ɗaya mai kunya da ya ce a sa wa tasa Ramatu ba. Sai a ba ta ƙafar rago da sabulu, a sa wa yarinya sunan wata gwaggo da ko barka ba ta zo ba. Abin ya daɗe yana ci mata rai, ba ta kuma ɓoyewa. Sai wannan karon Balki, matar Nomau masunci, ta kwana biyu tana naƙuda, Iya Ramma ta tsaya a kanta har ta sauka lafiya, Balki ta rantse sai an yi wa Iya takwara. Nomau ya yarda da ƙyar, don yayarsa Kulu ta riga ta sa rai. Ya aiko da goro fari guda biyar, ya kuma gindaya sharaɗi: ranar Asabar da safe Iya Ramma ta zo ta riƙe jaririya wanzami ya yi aski, in ba a gan ta ba, sunan na Kulu ne. Goron nan yana ƙulle a bakin zanenta, ko ɓantara ba ta yi ba.

Kifanya ta ce, "Ki ji abin da ya hana su fitowa, sa'an nan ki kore ni. A ƙasar Girka an yi wata dodanniya, sunanta Kimera. Kan zaki gare ta, da kan akuya a gadon baya, wutsiyarta maciji ce, tana aman wuta. Wani jarumi ya kashe ta tun zamanin da, yanzu tana zaune cikin aljannu a gindin Dutsen Wuta. Wasu masu karatu suka kama kakata a raga, suka ga jikinta haɗe-haɗe ne, suka raɗa mana sunan dodanniyar, mu da zuriyarmu. Labarin bai kai mata ba sai bana. Ta yi rantsuwa, duk ranar da aka sake ƙyanƙyashe mai sunanta za ta tafasa ramin da muke ciki."

Iya Ramma ta saki tsumman da ke hannunta. "Tsaya tukuna. An yi mata takwara, ba ɗaya ba, zuriya guda, shi ne za ta dafa su?"

"Haka ta rantse."

"Ni shekara arba'in ina neman guda ɗaya tak." Ta miƙe, ta yi ɗamara da mayafinta. "Kai ni wurinta in ga idonta. Amma ki ji da kyau, in Asabar ta waye ba na garin nan, ke da ita duka sai kun gane kurenku."

Kifanya ta shafa mata santsin jikinta a hanci don ta iya numfashi cikin ruwa, Iya Ramma ta kama fukafukanta, suka nutse. Takalmanta da ƙwaryar wanki suka rage a bakin kogi.

Sun bi Kwara yini guda da ɗoriya, har inda ruwan daɗi yake karo da na gishiri. Nan suka tarar da ƙofa, da wani aljani dogo a tsaye, jikinsa duk ɓawon gishiri. Ya gitta sandarsa ya ce, "Ya ke 'yar tudu, ba mai wuce ƙofar nan sai ya bar mini abin da ransa yake so. Ina jin ƙamshin wani abu a bakin zanenki."

Iya Ramma ta dafe ƙullin. "Ranka ya daɗe, wannan goron suna ne, ba a rabon sa a kan hanya. Amma ga abin da ko a gadon ciwo ba na rabuwa da shi." Ta miƙa masa battar tabarta ta gari. Aljanin nan bai san taba ba, ya buɗe ya shaƙe ta duka a hanci ɗaya. Atishawar da ya yi ta ɓalle ƙofar, ta wurga su tsakiyar teku, tafiyar da ya kamata su yi a yini. Iya Ramma ta ji zafin tabarta, amma ta ce ta biya kanta.

Daga nan sai gangara. Shuɗin ruwa ya koma baƙi, sanyi ya fara ratsa ƙashi, har suka iso bakin wani kwari. Kifanya ta tsaya ta ce, "Wannan shi ne Kwarin Marasa Suna. Halittun da ke ciki ba wanda ya taɓa ganin su, balle ya raɗa musu suna. Duk wanda ya kira ɗayansu da wani abu ya zama uwarsa, kwarin ba zai sake shi ba sai ya yi masa wanka sau uku, safe da yamma da safe. Ki kame bakinki."

Wannan gargaɗi ne mai kyau, sai dai an yi wa wadda bakinta bai taɓa hutawa ba tun da aka yaye ta. Ta cusa bakin mayafi tsakanin haƙoranta, suka shiga. Halittu suka yanyame su. Wani baki ne kawai ba jiki, wani yana ɗauke da fitila a goshi, wani ana hango hanjinsa ta cikin fata, kowa yana cewa, "Uwa, kira ni. Uwa, kira ni." Tausayi da takaici suka cika ta, ta rasa wane irin wuri ne wannan da za a haifi abu a bar shi haka. Ta daure har sun kusa fita. Sai wani tulelen abu mai laushi ya nannaɗe mata ƙafa, ya kai baki ga ƙullin goro.

"Kai, Tumbi, sakar mini zane!"

Kwarin duka ya ɗauki guɗa. Tumbi ya yi ta juyi yana faɗa wa kowa sunansa, bangon kwari kuwa ya rufe gaba da baya. Haka Iya Ramma ta zauna ta yi masa wanka uku. Tana yi tana zagin kanta da bakinta, amma ta yi shi yadda ake yi, har da miƙar gaɓoɓi, ko da yake ba ta sami gaɓar kirki a jikinsa ba. Da bango ya buɗe ta tambayi kifanya wace rana ce. Kifanya ta saurari motsin ruwa ta ce Juma'a ce ta waye. Iya Ramma ta ce su yi sauri.

Suka biya ta ramin kifanya. Ga ƙwai biyu a kwance cikin laka, dogaye, masu siffar mazari. Iya Ramma ta kara kunne ta ji 'ya'yan suna makyarkyata a ciki. Ta ce, "Lafiyarsu ƙalau, tsoro ne kawai. Mu je wurin mai ba su tsoron."

Gindin Dutsen Wuta a cikin teku yake, ruwan wajen yana zaɓaɓɓaka kamar tukunyar jego. Kifanya ta kasa matsawa, Iya Ramma ta shiga kogon ita kaɗai, ta yi sallama da ƙarfi. Can ƙurya wani abu ya motsa. Kan zaki ya ɗago, kan akuya ya leƙo daga bayansa yana tuƙa, macijin wutsiya ya fasa kai. Muryar zakin a dishe take, hayaƙi na biyo kowace kalma.

"Ya ke 'yar Adam, wa ya nuna miki hanyar gidana, kuma da wace mutuwa kike so a sallame ki?"

"Ranki ya daɗe, takwararki ce ta nuna mini. Mutuwa kuwa ki ajiye ta sai bayan Asabar, ina da biki."

Wuta ta fito ta lashi rufin kogo. "Ba ni da takwara. Ni ce Kimera, wadda birane suke rufe ƙofa in an ambace ta. Wani ya zo mini a kan doki mai fukafukai, bai yarda ya sauko mun gwada ƙarfi ba, ya cusa mini dalma a maƙogwaro daga sama, ta narke ta kashe ni. Ƙasata ta tafi, ƙarfina ya tafi, ba abin da ya rage mini sai suna. Shi ma wasu masu alƙalami suka ɗauka suka liƙa wa wata aba mai wutsiyar ɓera, suna dariya. Ba wanda ya tambaye ni. A bakin wata ƙaguwa mai wucewa na ji."

Iya Ramma ta zo ne da baƙar magana cike da baki, sai ta tsaya. "A bakin ƙaguwa? Ba a aiko miki da goro ba?"

Akuya ta daina tuƙa ta ce, "Mene ne goro?"

"Ba manzo, ba gaisuwa, ba wanda ya durƙusa ya ce an yi haihuwa, muna neman alfarmar sunanki?"

"Babu," in ji maciji.

Sai fushin Iya Ramma ya juya gaba ɗaya ya koma kan masu karatun nan. "Amma waɗannan an yi marasa tarbiyya. Karatun banza ke nan. Ka ɗauki sunan babba kamar ka tsinci kara a hanya? Ko a Tungar Maje, da ba mu da makarantar kirki, ba a yin haka. Baiwar Allah, a nan kina da gaskiya, an wulaƙanta ki, kuma ni shaida ce."

Dodanniyar ta haɗiye wutarta. Tun da aka halicce ta ba a taɓa ce mata tana da gaskiya ba.

"Amma laifin na masu alƙalami ne," in ji Iya Ramma. "'Ya'yan da ke cikin ƙwai me suka yi miki?"

Ta kai hannu bakin zane, hannun ya tsaya. Wannan goron shi ne shaidarta, shi ta yi niyyar nuna wa duk matar da ta taɓa yi mata gorin rashin haihuwa. Ta hana aljanin gishiri, ta yi wa Tumbi wanka uku a kansa. Ta kwance ƙullin tana jin kamar haƙori ake cire mata, ta durƙusa yadda ake yi, ta miƙa da hannu biyu. "An yi haihuwa a ramin teku. Iyayen yara sun aiko ni neman alfarmar sunanki. An makara, a yi haƙuri."

Zaki ya ɗauki ɗaya, maciji ya ɗauki ɗaya, akuya ta kwashe ukun da suka rage. Suka tauna, suka yamutsa fuska don ɗaci, can daɗin ya biyo baya.

Zaki ya ce, "Na karɓi gaisuwa. Amma da sauran magana. In na yarda, gobe kowane ƙaramin kifi zai buɗe baki ya ce Kimera zo nan, Kimera kin yi ƙazanta, a mari Kimera a gaban jama'a. Wannan ba zan jure ba."

Iya Ramma ta yi tsaki. "Wa ya gaya miki haka ake yi? Sunan babba ba a kama shi da baki. Yaro yana ɗauke da shi, amma sai a sakaya, a sa masa laƙabi. A ce Zomon Teku, a ce Mai Wutsiyar Ɓera, a ce Fatalwa, duk wanda ya zo baki. Sunanki yana nan a rufe, kamar zanen da ke ƙasan adaka. Uwarsu ma ba za ta furta shi ba, don kunyarki."

"Don kunyata," in ji dodanniyar a hankali, tana juya maganar.

"Ke ba ki san abin da kika samu ba. Ni nan da kike gani, ranar da aka binne ni an binne sunana, in ban isa gida gobe da safe ba. Ke kuwa kin mutu tun zamanin da, ga shi har yau ana haifar masu amsa naki, shi ne kike hura wuta. Wallahi da ni ce, goyon su zan yi." Ta ƙara ɗaga murya. "Kuma ki tashi ki fito da kayan takwara. Ba a yi wa mutum takwara ya zo hannu sake."

Dodanniyar ta duba kogonta, ba ta ga komai ba sai toka. Sai zaki ya ɗebo ɗan haske daga wutarsa, ya ce a sa wa yaran a ido su riƙa gani cikin duhu. Maciji ya ba da ɗigon dafi a shafa wa ƙayar bayansu, kada wani ya haɗiye su. Akuya ta kau da kai ta ce ita ba ta da komai. Iya Ramma ta ce, "Ke da kika ci goro uku?" Akuya ta ji kunya ta ba da haƙoran tuƙa. Sa'an nan zaki ya turo wata tsakuwa daga murhunsa ya ce, "Wannan ta taki takwarar ce. Ba ta hucewa."

Da Iya Ramma ta koma rami ta ƙwanƙwasa ƙwan nan ta ce su fito, an sasanta. Suka fasa, suka fito su biyu, idanunsu kore shar suna walƙiya. Ba ta tsaya karɓar godiya ba, ta tambayi rana. Kifanya ta saurari ruwa, ta sunkuyar da kai ta ce Asabar tana gab da wayewa. Dodanniyar ta hura musu iska mai zafi daga gindin dutse, igiyar ruwa ta ɗauke su, suka wuce kwari Tumbi yana kiran uwa, suka wuce ƙofar gishiri aljanin yana ta atishawa har yanzu, suka haura Kwara kamar kibiya. Duk da haka, da Iya Ramma ta fito a bakin Tungar Maje rana ta yi sama, ƙamshin suyar rago ya cika gari.

Ta tsaya ruwa na ɗiga daga zanenta. Ba takalma, ba goro, ba taba. Ta san an gama. Ta nufi gidan Nomau ba don komai ba sai don ta faɗi abin da ke ranta. Matan da ke tsakar gida suna ganin ta suka watse suna salati, wata har da kifar da tukunya. Kulu ce kaɗai ta kasa tashi, don jaririya tana cinyarta, kai a aske tas.

"Zauna abinki, Kulu, kin samu," in ji Iya Ramma. "Ke da ko kunun kanwa ba ki dama wa mai jego ba."

Nomau ya leƙo daga zaure. "Iya, ke ce da ranki? Takalmanki muka gani a bakin ruwa. Kwana biyu muna jefa taru. Har sadakar uku an yi."

"Ban tambaye ka ba. Wa aka sa wa yarinya?"

Kulu ta share ido ta ce, "Ni da bakina na ce a sa mata sunan marigayiya. Liman yana faɗa, gari duka ya fashe da kuka."

Iya Ramma ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. "Wato sai da na mutu. Shekara arba'in ina raye a gabanku ba ku gan ni ba, kwana huɗu a ruwa na zama abin kuka. Ku ji mini mutanen banza." Ta ja numfashi. "In gaskiya ne, me ya sa tun daga ƙofar gida ban ji an ambaci sunan ba? Sai Iya Ƙarama, Iya Ƙarama nake ji."

Balki ta fito daga ɗaki tana dafa bango. Ta karɓi jaririyar daga hannun Kulu ta ɗora wa tsohuwar a ƙirji. "Iya, wa ke da bakin da zai kama sunanki a gidan nan? Ke kika yanke mana cibi, mu duka."

Iya Ramma ta rungume jaririyar. Ta zauna a kan turmi. Ta duba bayan kunnen yarinyar ta ce wanda ya yi wankan nan bai iya ba, ta ce wa Nomau ya sake aiko da goro, na farkon an kai inda ya fi cancanta. Ta kwance tsakuwar nan mai ɗumi, ta naɗe ta a tsumma ta ɗora a cibin jaririya. Sa'an nan ta sunkuya daidai kunnenta, tun da duk garin ita kaɗai ce ba ta da kunyar sunan, ta kira shi a hankali.

"Ramatu."

Yarinyar ta buɗe ido.